Idan makamashi ba ya ɓacewa, ina na itacen girki yake tafiya?

Malamar JSS 2:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman taimako a kan darasin makamashi na ƙaramar sakandare. Littafi ya ce ba a ƙirƙirar makamashi, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama. To ga abin da yara ke tambaya: in haka ne, ina makamashin itacen da aka dafa tuwo da shi ya tafi, kuma me ya sa batirin tocila ke mutuwa? Sannan babin da ke biye yana bayani a kan zagayowar ruwa da ta kabon. Shin makamashi ma zagayowa yake yi kamar ruwa? Babu ɗakin gwaji a makarantar, ajin kuma ya haura yara 70. Ina son gwajin da za a yi da kayan gida, wanda yaro zai gani da idonsa. Allah ya saka da alheri.

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam Malama. Amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, kuma da zarar yara sun riƙe wannan, ta farkon ma ta warware. Ruwa yana zagayowa, kabon yana zagayowa, amma makamashi wucewa yake yi. Yana shigowa duniya daga rana a matsayin haske, ya yi ta sauya kama, daga ƙarshe ya zama ɗumi da ya watsu cikin iska da ƙasa, duniya kuma ta fitar da shi zuwa sararin samaniya. Yawansa bai ragu ba, amma ya bazu ta yadda ba a iya tattaro shi a sake girki da shi.

Ki ba su lissafi. Ana auna makamashi da jul. Kafin zafin lita ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai ya sha jul 4,200. Ruwan da ke digiri 30, kafin ya kai 100 ya tafasa, yana buƙatar 4,200 sau 70, wato jul 294,000. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da jul miliyan 15 zuwa 16. A takarda ke nan kilo ɗaya ya isa ya tafasa lita 50. Duk mai girki ta san ba haka abin yake ba, domin murhun duwatsu uku abin da yake kai wa tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran ya bi iska ta gefen tukunya, ya gasa duwatsu da ƙasa, wani ya fita cikin hayaƙin da bai gama ƙonewa ba. Idan itacen ɗanye ne, wani kason ma a wajen busar da ruwan jikinsa zai tafi. Batir ma haka ne: sinadaran cikinsa sun rikiɗa zuwa wasu, makamashin ya fita a haske da ɗumi, hasken ya bugi bango ya koma ɗumi.

Gwajin da na fi so a nan shi ne na gyaɗa. A samu busasshiyar ƙwayar gyaɗa ɗaya, allura, curin yumɓu ko guntun sabulu, wankakken gwangwanin madara, waya, ashana da ma'aunin zafi. A soke gyaɗar a bakin allura, a kafa gindin allurar a yumɓu. A zuba ruwa mililita 100 a gwangwani (sirinji mai 20 sau biyar, ko kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata). A rataye gwangwanin da waya kamar yatsa biyu sama da gyaɗar, a auna zafin ruwan, a kunna gyaɗar, a bar ta ta cinye, a motsa ruwan a sake aunawa.

Ƙwayar gyaɗa mai nauyin rabin giram tana da kusan jul 12,000. Ruwa mililita 100 yana cin jul 420 a kowane digiri, don haka da duk zafin zai shiga ruwan, da ya hau da digiri 28. Ba za ki samu haka ba, da wuya ma ki ga rabinsa. Kada ki ɗauka gwajin ya lalace, wannan giɓin shi ne darasin. Ki sa yaro ya kawo hannunsa kusa da gefen gwangwanin ya ji iska mai ɗumi, ya kuma duba baƙin da ya maƙale a gindinsa, wanda kabon ne daga man gyaɗar da bai gama ƙonewa ba. Sai a yanke gindin babban gwangwanin tumatir, a huda ƙasansa don iska, a kewaye wutar da shi, a maimaita. Ruwan zai fi yin zafi, kuma dalili ɗaya ne da wanda ya sa murhun zamani ke cin itace kaɗan.

Abin da ke ɓata aikin: ma'aunin zafi na asibiti a digiri 42 yake tsayawa, a nemi na ɗakin gwaji mai kai 110. Ɗanyar gyaɗa ba ta kamawa. Iska tana karkatar da harshen wuta, a rufe taga. Kuma malami ne zai riƙe ashana.

Malamin Labarin Ƙasa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Bari in ɗora a kan ruwa, don nan ne yara ke ganin yadda abubuwan biyu suke haɗe: ruwan ne ke zagayowa, rana ce ke tura shi.

Malama, ki samu baƙin baho ko roba mai faɗi, ki zuba ruwa zurfin yatsa biyu, ki narkar da gishiri cokali uku a ciki. Ki ajiye kofin tangaran ko na gilashi a tsakiya, babu komai cikinsa. Ki rufe bakin bahon da leda mai garai-garai, ki ɗaure tamau da robar taya, ki ɗora ɗan tsakuwa a kan ledar daidai saman kofin don ta lotsa. A kai rana da misalin ƙarfe tara. Kafin a tashi makaranta ɗigo zai taru a cikin ledar, ya gangara wurin lotsawar, ya ɗiga a kofi. Kada ki sa rai da ruwa mai yawa, 'yan cokula ne. A ba yaro ya ɗanɗana, zai ji babu gishiri. A nan ya ga tashin tururi, ya ga komawarsa ruwa, ya ga zubar ruwan sama, ya kuma gane dalilin da ya sa ruwan sama ba shi da gishiri alhali mafi yawansa daga teku ya taso.

Idan ba a ga ruwa a kofi ba, a duba abu uku. Ko ledar tana da kafa tururi na fita, ko ledar ta taɓa bakin kofin ruwan ya bi ta waje, ko kuma kofin roba aka sa ya taso ya kife. A ajiye baho na biyu a inuwa don kwatantawa, in ba haka ba yaro ba shi da hujjar cewa rana ce ta yi aikin. A ranar kuma a ɗaura wata ledar a reshen darbejiya mai ganye, bayan awa biyu ko uku za a tarar da ruwa a ciki, wato bishiya ma tana mayar da ruwan ƙasa sama.

Mayar da lita ɗaya tururi yana cin jul sama da miliyan 2, kusan ninki takwas na abin da ya kai shi ga tafasa. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi: wanda ya tsattsafo ta jikin yumɓu yana jan zafi daga na ciki kafin ya tashi.

Daga nan ki ba su misalin madatsar lantarki ta Kainji. Rana ta ɗaga tururi daga Tekun Atilantika, iskar damina ta kwaso shi, ya zuba a tsaunukan Gini inda Kogin Neja ya faro. Ruwan ya ratsa Mali da Nijar, ya taru a bayan madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Yana can sama, makamashinsa a ajiye yake. Da aka buɗe masa hanya ya zama na motsi, ya juya farfelar inji, injin ya ba da lantarki, ƙwan fitila ya ba da haske da ɗumi. Ruwan zai koma teku ya sake tasowa, amma sai da sabon hasken rana. Shiroro da ke kan Kogin Kaduna ma haka take aiki. Kusan duk abin da muke amfani da shi, in aka bi salsalarsa, rana za a tarar.

Injiniyan Lantarki:

Madalla da Malam ya ce "kusan", don yara kan rubuta "duka" a jarrabawa su rasa maki. Iska, ruwan dam, itace, abinci, fetur, gas da kwal duk daga rana suke. Kwal ɗin Inugu da ɗanyen man da aka fara samu a Oloibiri a 1956 ragowar tsirrai ne da ƙananan halittu da suka kama hasken rana shekaru miliyoyi da suka wuce. Amma ma'adinin yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar ba daga rana yake ba, haka zafin cikin ƙasa da Kenya ke samar da lantarki da shi a Olkaria, haka tumbatsa da janyewar teku, wanda galibi jan wata ne ke haddasa shi.

Wani wurin da ake rikicewa shi ne jul da wat. Jul yawan makamashi ne, wat kuma saurin cinsa: wat ɗaya jul ɗaya ne a kowace daƙiƙa. Yunit ɗaya a mitar wutar lantarki, wat 1,000 ne na tsawon awa guda, jul miliyan 3.6.

Ki gwada musu wannan. Ɗaga kilo ɗaya sama har tsayin mita ɗaya yana cin kusan jul 10. Jarka mai lita 20 daga rijiya mai zurfin mita 10, jul 2,000 ke nan. Tafasa lita ɗaya da Malamin Fiziks ya lissafa ya kai jawo irin wannan jarkar kusan sau 150. A nan yaro zai gane dalilin da ya sa hita da dutsen guga ke durƙusar da ƙaramin janareta ko batirin sola, alhali fanka da fitila ba sa damunsa. Shi kansa janaretan, litar fetur tana da makamashin da ya kai yunit 9, amma abin da ke fitowa lantarki da wuya ya kai yunit 2. Sauran zafi ne da ƙara da hayaƙi, kuma a cikin hayaƙin akwai wata iska mai kisa wadda ba ta da wari, don haka a jaddada wa yara ba a kunna shi a ɗaki ko a soro a rufe. Faifan sola kuwa, da tsakar rana wat 1,000 ke sauka a kan murabba'in mita, yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 lantarki. Ƙurar hunturu tana rage wannan sosai in ba a goge shi.

Malamar JSS 2:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura kabon. Yara sun yi imani bishiya ƙasa take ci ta yi ƙiba. Kuma itace, a rukunin makamashi mai sabuntuwa zan sa shi ko a'a?

Malamar Kimiyyar Noma:

'Yar uwa, toka ce hujjarki. A auna itace kafin a hura wuta, a auna tokar bayan ta huce. Daga kilo 10 abin da zai rage bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. Wannan 'yar tokar ita ce ma'adinan da bishiya ta ɗauko daga ƙasa. Sauran nauyin ya koma inda ya fito: kusan rabin busasshen itace kabon ne, daga iskar kabon dayoksaid ganye ya kamo shi, ya haɗa da ruwa ta hanyar hasken rana ya yi sukari, ya saki oksijin. Ƙonewa, numfashi da ruɓewa su ke mayar da kabon ɗin iska, wata shukar ta sake kamawa.

Don su ga aikin haske, a shuka wake a gwangwani, a sa shi a duhu kwana biyu don sitacin ganyen ya ƙare. A rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda sama da ƙasa, a kai rana awa biyar. A tsinke ganyen, a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya. A kashe wutar tukuna, sannan a sa ganyen a ƙaramar kwalba mai sifirit, a tsayar da kwalbar cikin ruwan zafin har koren ya fita. Sifirit yana kama wuta nan take, kada a kuskura a ɗora shi a kan murhu. A ɗauraye ganyen, a ɗiga aidin na kemis. Inda rana ta taɓa zai yi baƙi-baƙi mai shuɗi, inda aka rufe zai tsaya ruwan ƙasa. Idan duk ganyen ya yi baƙi, kwanakin duhun ba su isa ba. Kada a yi da ganyen albasa, ba ya tara sitaci.

Batun itace, yana cikin masu sabuntuwa, amma da sharaɗi: sai in ana dasawa daidai da yadda ake sara. Ki rubuta sharaɗin a allo tare da amsar. Gawayi ya fi muni a wannan lissafin, domin a ramin gargajiya sai an ƙona itace kilo 5 ko fiye kafin a samu kilo ɗaya.

Idan manhajarku ta haɗa da zagayowar naitirojin, kada ki wuce shi da baki kawai. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma gero da dawa ba sa iya ɗaukarsa daga can. Bakteriyar da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa ce ke kama shi, shi ya sa manomi ke haɗa gero da wake a gona ɗaya. A jiƙa ƙasa, a haƙo wake mai mako biyar ko shida da fartanya, kada a fizge shi don ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar za su zube. A wanke, a tsaga ƙulli ɗaya da reza. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne bai fara ba, in kore ne ya daina.