Neman kalmar Hausa: me za mu kira "competitiveness"?

'Yan uwa masu aikin fassara da masu karanta labarai a gidajen rediyo, ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan kalmar Ingilishi ta "competitiveness", wadda ba a rasa ta duk lokacin da hukumomi suke bayanin manufofinsu na koyar da sana'o'i. Abin da ake nufi da ita shi ne ikon da gari ko jiha ko masana'anta ke da shi na yin kaya mai inganci, a farashi da lokacin da za su sa mai saye ya ɗauka, ko da an shimfiɗa masa na wasu ƙasashe a gefe. Na sha jin an fassara ta da "gasa" kawai, kuma a ganina wannan fassara tana ɓatar da mai sauraro.

Gasa a kunnen Bahaushe abu ne mai rana, mai alƙalai, mai kyauta. Ana gasar ƙwallon ƙafa, ana gasar kamun kifi a Argungu, a miƙa kofi, taro ya watse. "Takara" kuwa siyasa ta riga ta cinye ta, "tsere" da "rige-rige" kuma sauri kaɗai suke nunawa. Babban aibin su duka shi ne suna faɗin abin da ake yi, alhali kalmar da muke nema tana faɗin ƙarfin da ake da shi na tsayawa a yi abin. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano ya san ana gasa mai zafi tsakanin 'yan kasuwa, amma in ya juya bandiran atamfa da shadda zai tarar mafi yawansu daga waje aka shigo da su. Gasa tana nan a kasuwar, abin da ya tafi shi ne ikon masaƙunmu na tsayawa a cikinta, kuma wannan ikon ne muke nemar wa suna.

Shawarata ita ce mu riƙa cewa "ƙarfin gogayya". Gogayya daga goga take, irin yadda muke cewa wane yana goga kafaɗa da manya, kuma ba ta da ranar rufewa ko alƙalin da zai hura usur. Na taɓa tsayawa a rumfar wani baduku a kasuwar Ƙofar Wambai, na ga mai saye ya ɗauki takalmin da aka ɗinka a nan da hannu ɗaya, ya ɗauki na waje da ɗaya hannun. Ya lanƙwasa kowanne, ya bi ɗinkin da farce, ya duba inda gam ya tsattsafo a gefe, ya tambayi kuɗi, sannan ya ajiye ɗaya. A wannan ɗan lokaci aka auna jimar fatar, da hannun baduku, da horon da maigidansa ya ba shi, har da kuɗin man janareta da ya shiga farashin. Ban san wata kalma da ta ɗauki wannan duka kamar gogayya ba.

Wani malami da na tuntuɓa ya fi son "nagarta", wani kuma ya ce "ƙwarewa" ta wadatar. Ina girmama ra'ayinsu, sai dai tarihin masaƙun Kaduna bai goyi bayansu ba. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar ta cika da dubban ma'aikata da suka san aikinsu ciki da bai. Lokacin da masaƙun suka riƙa rufewa a shekarun 2000, hannun ma'aikatan bai mutu ba. Rashin tsayayyar wutar lantarki da tsufan injuna da fasa-ƙwaurin yadi mai araha ne suka durƙusar da su. Ke nan ƙwarewa reshe ce ɗaya, kuma in muka ba reshe sunan bishiya za mu sa mutane su zaci horo kaɗai zai dawo da abin da aka rasa.

Wannan bambanci yana da nauyi wajen fassara manufofin gwamnati. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da kamfanoni ke biyan ma'aikatansu, domin a yi amfani da shi wajen horo. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da aka kafa a 1977 mai mazauni a Kaduna, tana ƙoƙarin ganin masu walda da kanikawa da kafintocin da suka koyi aiki a wurare irin kasuwar Panteka ta Kaduna sun sami takardar shaida. Idan muka ce manufar waɗannan shirye-shirye ita ce "bunƙasa gasa", mai sauraro zai hango bikin yaye matasa da rabon kekunan ɗinki. Idan kuwa muka ce "ƙara wa masu sana'armu ƙarfin gogayya", nan take zai tambaya: gogayya da wa? Amsar tana gabansa, domin a gine-gine da yawa na Abuja da Kano masu sa tayil daga Togo da Benin ake kira, kuma tun da aka fara aiki da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a 2021, abokan karawar sai ƙaruwa za su yi.

Na san za a ce gogayya tana da ƙamshin hamayya da rashin jituwa. Gaskiya ne, amma kasuwa ma haka take, kuma da zarar an haɗa ta da "ƙarfi" ma'anar tana komawa kan iyawa. Ta kuma yarda da sarrafawa: masana'anta mai ƙarfin gogayya, ƙarfin gogayyar dukawan Kano ya ragu, jihar ta rasa ƙarfin gogayya a harkar saƙa. Inda ake buƙatar aikatau sai a ce "iya gogayya da". Ina roƙon 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke fassaro wannan ma'ana daga Faransanci, su gwada waɗannan jimloli a kunnen masu sauraronsu, su faɗa mana ko sun zauna.