Ƙananan jiragen yaƙin da ke shawagi a samanmu, aikin me suke?

Uwar gida daga Kurna, Kano: Salamu alaikum. Tun ina yarinya nake jin rugugin jiragen nan da hantsi, har tagoginmu su girgiza. Jiya jikana ya tambaye ni ko yaƙi za su, na rasa amsa.

Tsohon makanike: Wa alaikumus salam Hajiya. Galibi horo ne. Sansanin sojan sama na Kano yana jikin filin jirgin Malam Aminu Kano, titin tashi ɗaya suke amfani da shi. A nan makarantar sojan sama mai lamba 403 take koyar da matuƙa da jirgin L-39, ƙirar tsohuwar ƙasar Cakoslobakiya. Daga Kaduna ɗalibai ke farawa, sannan su zo nan su koyi tuƙa jet, wato jirgi mai saurin gudu irin L-39 ɗin. Kafin jirgi ya tashi, injiniyoyi sun duba shi tun asuba.

Malamin firamare: Baba, Allah ya saka. Ɗalibaina kan firgita, gobe zan faɗa musu.

Uwar gida: Allah ya sauke yaran nan lafiya.