Wai me za mu kira "lead" ɗin batirin zuciya da Hausa?

Ma'aikatan asibiti da masu fassara na Kano, ku zo mu tsayar da magana ɗaya don Allah. Batirin zuciya dai, wato na'urar da ake dasawa a ƙirji don daidaita bugun zuciya, sunan ya zauna, kowa ya gane shi. Rigimar tana kan siririn abin nan da ake zurawa ta jijiyar jini a ƙasan kafaɗa har cikin zuciya, shi ke kai wuta daga batirin, Bature na ce masa lead.

Masu buɗe ƙamus su rubuto dalma, a bari haka nan, rubutun ne kawai ya zo ɗaya a Turanci, abin ƙarfe ne siriri cikin rigar roba. Wani ya ce igiya, to igiyar zuciya ai sai a zaci maganar soyayya ake. Ni waya na zaɓa. Eh na sani ka ce wa mutum an cire wa Baba waya zai fara tambayar a wace adaidaita aka zare, amma mai gyaran wuta ma waya yake cewa, in aka faɗa a cike, wayar batirin zuciya, ba mai ruɗewa.

Inda na fi damuwa shi ne kalmar cirewa, ta yi sauƙi da yawa wallahi. Sabuwar waya da ba ta shekara ba, yawanci zare ta ake. Wadda ta daɗe kuwa nama ya kama ta, ta manne da bangon jijiya da na zuciya, sai an zura mata bututu ana yanko naman a hankali, wani wurin da leza, kuma babbar jijiyar da ke shiga zuciya na iya yagewa. Wannan ɓamɓarowa ce.

Kuma yawanci ƙwayar cuta ce ke sa a fitar da ita, in ta kama aljihun batirin, wato gurbin da aka sa shi a ƙarƙashin fata, ko ta shiga jini, magani kaɗai ba ya gamawa da ita sai an kwashe komai. Mutuwa a kan gadon aikin kaɗan ce, ba ta kai 1 cikin 100 ba a hannun ƙwararru, matsalar tana watannin da ke biyo baya, musamman ga mai gazawar zuciya, wato wanda zuciyarsa ba ta iya tura jini yadda ya kamata, ga ciwon ƙoda ko suga a kai, wani ma wayoyi 3 gare shi da ke daidaita masa bugu, in an fitar da su dole ya jira cutar ta mutu kafin a sa sababbi, a wannan jiran zuciyar ke ƙara sarewa. In ka ce wa dangi za a cire ne kawai, ba su ji wannan ba sam.

Na tsaya a zarewa ga sabuwa, ɓamɓarowa ga tsohuwa. Masu cewa raunin zuciya maimakon gazawar zuciya, a garin nan mai raunin zuciya shi ne mai saurin kuka fa, ku kawo hujja.