In sayar da fiyanona in bi masu jaz zuwa Abuja?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Ina kaɗa fiyano a bukukuwa da wani situdiyo a Sabon Garin Zariya. Wata ƙungiya a Abuja mai haɗa jaz da gurmi da kalangu ta ce in zo, dare uku a mako a wani otal. Amma sun ce fiyanona Yamaha PSR mai maɓalli 61 ba zai yi ba, sai mai 88 mai nauyin dannawa, kuma ba a kunna kiɗan da na'ura ke yi da kanta, komai da hannu. In sayar da nawa in cika kuɗi in saya? Saura min zango ɗaya a ABU.

Injiniyan PZ: Sayi Korg Pa ka huta.

Ɗan Samaru: Injiniya, ai shi ma mai kiɗa da kansa ne, irin wanda suka ƙi.

Na Ƙofar Doka: 88? Yatsu goma gare ka, sauran 78 ɗin haya za ka bayar?

Baban Kongo: Ƙanina, tsaya ka ji. Ni na yi wannan tafiyar. Har babur ɗina na haɗa na sayar. Aikin ba wasa ba ne, don sautin gurmi ba ya zama daidai kan maɓallan fiyano, sai ka riƙa lanƙwasa sautin da ɗan wilin nan na gefen hagu kana bin mai gurmi, ga mai kalangu yana sauya gudu yadda ya ga dama. Duk na jure na koya. Ogan ƙungiyar ya ce kuɗi kowane dare, da muka fara sai ya ce otal ƙarshen wata suke biya, ƙarshen wata ya ce an cire na abinci. A ɗakin atisaye nake kwana a Mararraba. Wani Bature ya zo ya naɗi kiɗanmu, abu ya fito a intanet, sunan oga kaɗai. Ƙarshenta janareton otal ya ƙone min fiyano, kowa ya ce ba ruwansa. Da jakar kaya kawai na sauka a Kwangila.

Injiniyan PZ: Baba, ba ka sa sitabilaiza ba ne? Kuma yanzu dubu 40 ake ba mai fiyano a dare.

Baban Kongo: Dubu 40 a bakinka. Yaron da na sani dubu 15 yake karɓa, shi ke biyan motarsa.

Mai Situdiyo: Na hannu mai 88 za ka samu a dubu 500 a kasuwar Alaba.

Injiniyan PZ: Wanda aka tsamo daga ruwa? Mai lafiya ya haura miliyan.

Malamin Wusasa: Ɗana, ka je. Abin da za ka koya ya fi kuɗin. Cheick Tidiane Seck ɗan Mali da fiyano ya kai ga yin faifai da Hank Jones, gwanin fiyanon jaz na Amurka, a 1995. Joe Zawinul na ƙungiyar jaz ta Weather Report shi ya tsara wa mawaƙin Mali Salif Keita faifansa na 1991. Kiɗanmu mai sauti biyar yana shiga jaz ba tare da an tilasta shi ba.

Baban Kongo: Malam, da girmanka, kai a coci kake kaɗawa, ba ka taɓa bin oga bashin dare ba. 'Yan Mali suna da Faris, mu Mararraba muke da ita.

Malamin Wusasa: Wa ya koya maka ɗora hannun hagu, in ba mu 'yan cocin ba?

Antin Tudun Wada: Duk ba wanda ya ga ya ce saura masa zango ɗaya? Ka gama karatunka tukuna, ƙanina.

Mai Situdiyo: Anti, ko ya zauna ɗin me zai samu? A biki mawaƙi ake yi wa liƙi, yaransa su kwashe, mai fiyano sai abin da aka ga dama. Waƙa ta fito a gaida mai kuɗi da uwar amarya, ba a ambaci wanda ya haɗa kiɗan ba.

Na Ƙofar Doka: Kai ma nawa kake ba yaran situdiyonka?

Mai Situdiyo: Wannan wata magana ce daban. Ka san nawa nake sayen fetur kullum?

Baban Kongo: To ga DJ ma. Satin jiya a Hanwa da filashi ɗaya aka sallami makaɗa huɗu.