Abin da na tsinta a muhawarar giya: otomatik ko manuwal a motocin gudu

Jama'a maganar nan ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Wajen sauri kusan kowa ya yarda otomatik ta zamani ta wuce manuwal, musamman mai kuloci biyu irin PDK ta Porsche, kuloci ɗaya na riƙe da giyar da kake kai ɗayan ya riga ya kama ta gaba, kafin ka ɗaga ƙafa ma ta canza.

2. Masu manuwal sun ce su ba agogo suke bi ba, daɗin tuƙi suke nema, ka taka kuloci ka jefa giya da hannunka a kwana. Sun kawo misalin motar Mazda MX-5, da yadda Porsche ta cire manuwal a 911 GT3 a 2013, masu saye suka yi ca, ta dawo da ita a 2017.

3. An tuna Ferrari ta daina manuwal, Corvette C8 ta Chevrolet ma ba ta da ita.

4. A kan gyara aka rabu. Wasu sun ce faifan kuloci kowane bakanike zai canza maka, mai kuloci biyu in ta lalace sai an jona kwamfuta, kuɗi kuwa ba a magana. Wasu suka ce abin da mai kuloci biyu take buƙata canza mai kan lokaci ne kawai.

5. Gosulo kam, ko 'yan manuwal ɗin sun yi shiru, ƙafar hagu ce ke shan wuya.