Fatar kujerun mota ta ƙeƙashe ta ƙuje: ta ina ake fara gyara?

Sabon Direba: Assalamu alaikum. Mota ce ta hannu mai kujerun fata. Ta direba ta yi tauri, gefen da ake gogawa wajen shiga ya ƙuje har launi ya tashi, ga ƙananan tsage-tsage. Na baya lafiya lau, sai ƙyalli. Wane mai zan shafa?

Mai Wankin Mota: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar mai tukuna. Ƙyallin nan dauɗa ce: gumi, maiƙon jiki da ƙura da suka danƙare. Fata mai tsabta ba ta sheƙi. Fara da injin zuƙe ƙura, ka bi layin ɗinki sosai, don yashin da ke maƙale a wurin shi ke cin zare. Sannan sabulun wanke fatar kujera, ba na wanki ba. A ma'aunin tsami da ake kira pH, fata tana tsakanin 4 da 5, garin sabulu kuwa yakan kai 10, yana tsotse man da aka jeme ta da shi, ta ƙara taurara. A kan burushi mai laushi za ka sa kumfar, ba kan kujera ba. Ka riƙa wanke faɗin tafin hannu biyu, ka goge da farin tsumma kafin kumfar ta bushe, in ba haka ba dauɗar ta koma. Ka maimaita har tsumman ya daina baƙi. Sau da yawa taurin kansa yana raguwa daga wankin nan kaɗai.

Mai Ɗinkin Kujeru: Kafin komai ka san abin da ke gabanka. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a inda bai ƙuje ba. Idan ya tsaya bisa, fatar tana da fenti da rufi (siririn shafin kariya da ke bisa fenti) a samanta, kuma haka mafi yawan motoci suke. Idan ya shige ya bar tabo mai duhu, buɗaɗɗiyar fata ce, wadda ba ta son ruwa da yawa. Wasu ma ba fata ba ne sam: MB-Tex na Mercedes da SofTex na Toyota duk na roba ne. Ko a motar da aka ce ta fata ce, galibi inda jiki ke taɓawa ne kawai fata, gefe da baya roba. Shafa wa roba mai, asarar mai ce.

Mai Fenti: Maganar Oga ta ƙarshe ita ce jigo. Mai ba ya mayar da launin da ya tashi. Wurin da ya ƙuje rufinsa ne ya cinye, sai an sake shi. Bayan wanki, a bar kujera ta bushe sarai. A goge wurin da sifirit a tsumma don cire maiƙo, wurin gyaran kaɗai, domin yana cin rufin mai lafiya. A bi shi da samfefa mai lamba 600 zuwa 800, da hannu mara nauyi, gefunan tsagar ake son kwantarwa. Sai fila ta fata, wato kwaɓin cike tsaga, mai lanƙwasuwa. A nan mutane ke ɓata aiki: su cika tsaga a shafa ɗaya, sama ta bushe, ciki ɗanye, ana zama ta fashe. Siriri-siriri ake sa ta, shafa biyu ko uku, ana busarwa da dirayar gashi daga nesa kamar taƙi ɗaya. A sassabe da lamba 1200, a share ƙura.

Fentin fata mai haɗin ruwa ake dangwalawa da soso, shafa uku zuwa huɗu, kowace ta bushe kafin ta gaba. Shafar farko za ta fito dabbare-dabbare, kar hankalinka ya tashi ka ƙara kauri. A ƙarshe a sa rufi mara ƙyalli. Awa 24 kafin a zauna, kusan mako kafin a taɓa shi da sabulu ko mai.

Sabon Direba: Na gode, Yallaɓai. Launin fa, yaya zan dace da shi?

Mai Fenti: A Toyota lambar launin ciki tana kan takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, a layin C/TR. Amma rana ta riga ta koɗar da kujerar, lambar ba lallai ta zo daidai ba. Gwada a ɓoyayyen wuri, ka jira ya bushe kafin ka yanke hukunci, kuma ka fente fallen gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki. Faci a tsakiya ido yana kama shi.

Mai Wankin Mota: Man fatar kujera yana da amfani a tsohuwar fatar da rufinta ya sirance, don ta nan yake samun shiga. Ɗan kaɗan a tsumma, a shafa, a bar shi ya kwana, a goge rarar da safe. A fata mai cikakken rufi kuwa bisa yake zama yana jan ƙura. Man zaitun yana ɓaci ya yi wari. Basilin yana danƙo, man takalmi yana komawa jikin tufafi. Mafi muni shi ne feshin dashbod mai silikon: kujera ta yi santsi, daga baya fenti ya ƙi kamawa. Shi ma farin soson nan mai goge tabo kamar samfefa yake, rufi yake kankarewa.

Mai Wayarin: Ku yi hattara da kujeru masu ƙananan huji. Ƙarƙashinsu akwai wayar ɗumama kujera ko fanka, ta fasinja kuma a motoci da yawa tana da na'urar gane an zauna. Kada a zuba ruwa ko mai kai tsaye. Hujin da ya toshe a buɗe shi da tsinke tun abin bai bushe ba. Idan za a ciro kujera, a cire kan batir, a dakata 'yan mintuna kafin a taɓa soket mai ruwan ɗorawa, na jakar iskar da ke buɗewa lokacin hatsari ne.

Mai Ɗinkin Kujeru: Kuma ɗinkin gefen da aka rubuta SRS, alamar akwai jakar iska a ciki, an yi shi ne don ya yage lokacin hatsari, jakar ta fito. Ba a sa masa gam, ba a maimaita shi da zare mai ƙarfi. Malam, danna gefen kujerar taka da yatsa. Idan soson ciki ya mutu, sai an gyara shi tukuna, don fatar za ta ci gaba da naɗewa a wuri guda, filar ta sake tsagewa. Tsagar da ake hango soso ta cikinta kuwa ta wuce fila: ko a liƙa ƙyalle ta ƙasa, ko a canza fallen.