Abin da aka tattauna a fada kan kai iyali Zanzibar

Jiya a fadarmu ta Maradi muna shan shayi aka tada zancen bakansi, wato hutu, wai ina mutum zai kai iyali su ga teku, galibi suka ce Zanzibar, tsibirin Tanzaniya. Dalilinsu ko mai ƙarfi ne, kusan duka mutanen can Musulmi ne, ba ka neman halal ko masallaci da wahala.

Sun ce kar a tafi Maris zuwa Mayu, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, a jira Yuni zuwa Oktoba. Jirgi daga Yamai ko Kano ta Adis Ababa, kuma kar a manta karne, wato katin rigakafin shawara.

Yara kam a kai su dajin Jozani su ga jajayen birai, sai tsibirin Changuu wurin manyan kunkuru, uwargida ta zaga gonakin kanumfari da kirfa, ni dai nan ne ya fi burge ni wallahi, abin da muke saye a kasuwa ƙulli-ƙulli ga shi a bishiya. Da dare kasuwar abinci ta Forodhani cikin Stone Town, tsohon garin Zanzibar, gasasshen kifi, amma a tambayi kuɗi kafin a ci.

Wani dattijo ya ce ƴaƴanmu ba su iya ruwa ba, kar a sake su bakin teku.